Ƙibar da Na Mayar Masa

A garinmu ba a tambayar mace yadda take riƙe da mijinta. Wuyansa ake dubawa. In ƙeyarsa ta yi ninki biyu, to ke mace ce, kin iya girki, kin iya miji. In ƙashin wuyansa ya fito, ko kaza kike yanka masa safe da yamma, sunanki muguwa. Da wannan mudun aka auna uwata, da shi aka auna ni, ni ma da bakina na auna wasu da shi, ba zan yi ƙarya ba.

Lokacin da aka kai ni gidansa, maigidana siriri ne kamar karan dawa. Manomin rani ne, yana da 'yar gonarsa a bakin kanal ɗin da ke kawo ruwan Tiga, ta wajen hanyar Bunkure. Da rani tumatir da albasa, da damina shinkafa. Yana idar da sallar asuba zai fita, ya wuni ƙafarsa cikin laka. Ranar yashe kuwa, wato ranar da manoma ke haɗuwa su kwashe laka da ciyawa daga hanyar ruwa, shi ne na farko da shebur a kafaɗa. Ni ina gida ina turara shinkafa, mata suna aikowa suna saye mudu-mudu. Haihuwata ta fari tagwaye ne, shi ya sa yake kirana Uwar 'yan biyu, har sunana na yanka ya ɓace a gidan.

Shekarun da wayar hannu ta shigo, Allah ya buɗa masa. Ya zama dillalin tumatir a kasuwar Kwanar Gafan, yana lodin kwanduna a manyan motoci zuwa Legas, wani sa'in ya bi motar da kansa. Gona ya bar wa 'yan ƙwadago. Ya sayi babur, ko masallacin Juma'a sai a kansa. Wuni yake a ƙarƙashin rumfa, waya a kunne, ga balangu, ga tsire, ga lemon kwalba. In ya dawo gida na tarbe shi da tuwon shinkafa, man shanu yana iyo a kan miya. Cikin shekara huɗu ya ajiye teɓa, ya je Makka ya dawo, babbar riga ta zauna masa daram. Wallahi na yi alfahari da tumbin nan kamar ni na haife shi.

Yana da babbar yayarsa, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana aure a unguwar da ke bayanmu. Dukkanmu Yaya muke ce mata. Ranar da ya dawo daga Makka ta dube shi sama da ƙasa, ta juyo gare ni ta ce, "Yauwa, yanzu kika zama matar gida." Shekara goma sha ɗaya ina jiran kalma mai daɗi daga bakin matar nan, sai ran nan na samu.

Wata rana da hantsi, ana tsaka da lodi, jiri ya ɗebe shi ya faɗi tsakanin kwanduna. Aka kwashe shi zuwa wani asibiti a birni, aka aiko mini na bi su. Likitan wani ɗan tsamurmurin mutum ne mai tabarau. Ya ce hawan jini ne, kuma ciwon suga ya leƙo. Sannan ya ajiye biro ya ce, "Alhaji, mece ce sana'arka?"

"Noman rani," in ji maigida, mutumin da ya shekara huɗu bai riƙe fartanya ba.

"To ka san kanal," in ji likita. "Jijiyar jini haka take. A cikinta akwai wani ɗan siririn shafe, sumul, jini yana wucewa babu abin da ke maƙalewa. In shafen nan ya kumbura ya yi kaushi, sai maiƙo da tarkace su fara kama bango, hanya ta riƙa tsukewa, wata rana ta toshe ko ta fashe. Abin da mutane ba su sani ba, kitsen jikin mutum shi kansa yana zuba wani sinadari a cikin jini. Aikinsa ya kwantar da kumburin nan, ya hana tarkace kamawa. Amma fa sai kitsen yana daidai. In ya yi yawa, musamman na ciki irin naka, sai ya rage aikowa."

Ya faɗi sunan sinadarin da Turanci, mai tsawo, ban riƙe ba. Maigida ya tuntsire da dariya ya ce, "Likita, ashe ɗan yashe ne! To halinmu ɗaya da kitsen nan. Ni ma da na yi ƙiba na daina zuwa yashe."

Likita ma ya yi dariya. Ya ce magani zai taimaka, amma babban maganin shi ne teɓar nan ta sauka, in ta sauka ɗan yashen zai dawo bakin aiki. Ya rubuta abin da za a ci da abin da za a bari, ya miƙo mini, don ni na yi makaranta har aji uku na sakandare, ni ke karanta wa maigida takarda. Ina so a riƙe wannan. Ina wurin, da kunnena na ji, kuma na gane sarai. Kada wani ya tausaya mini ya ce jahilci ne.

Ban taɓa ganin mutum ya kama magana kamar yadda ya kama ta ba. Ya jingine babur a zaure. Ya sallami rabin 'yan ƙwadago ya koma cikin laka. Kasuwa sai bayan azahar, kuma da ƙunshin zogale da dafaffen wake a leda, 'yan rumfa suna yi masa tsiya wai ya koma akuya. Na rage mai, na rage gishiri, man shanu ya bar gidan. Kafin tumatir na gaba ya nuna, wandunansa duk sai da aka rage musu ƙugu. Ya daina haki, ya daina minshari, ciwon kan da ke damunsa ya tafi. Duk wata biyu mu je birni, likita ya auna shi ya ce, "Alhaji, haka nake so." Ya dawo mini mutumin da aka kai ni gidansa.

Sai gari ya ɗauka. Da farko aka ce karayar arziki ce, wai motar tumatirinsa ta kife a hanyar Legas yana ɓoyewa. Wannan ba ta dame ni ba, don ana ganinsa yana lodi kullum. Da ta ƙi ci sai aka canza. Shekarun nan ne rediyo ba ta da zance sai na ƙanjamau, kuma abin da kowa ya riƙe daga zancen shi ne mai ita ramewa yake. To ga mutum yana bin mota zuwa Legas, ga shi yana zaryar asibiti a birni, ga shi ya zube cikin wata shida. Me ake jira?

Ba wanda ya faɗa mini a ido, munafukai. Cinikin shinkafa ne ya fara ja baya. Maƙwabciyar da ke aron turmina ta daina. Sai mai kitsona, matar da ta shekara goma sha biyu kaina yana tsakanin gwiwoyinta, na aika mata ta ce hannunta ke ciwo. Ran nan da la'asar na leƙa ta katanga na gan ta tana yi wa maƙwabciyar tawa kitso, hannu lafiya lau. Na sake aikawa bayan mako biyu, ta ce ta yi baƙi. Daga nan na tufke gashina da kaina na danne da ɗankwali.

Da na gaya wa maigida abin da ake faɗa, sai ya ce, "Shi ke nan? Shirya mu je a gwada mu." Muka je, aka ɗebi jininmu mu biyu, takarda ta fito babu komai. Na ɗauka da zafinta na kai wa Yaya, na karanta mata. Ta taɓe baki ta ce, "Ni ai na yarda da ƙanena. Amma takarda? Cewa za a yi mai kuɗi saye ya yi. Ke za ki bi gida-gida kina karanta wa mutane?"

Na dawo ina huci. Na ce masa, "Alhaji, ko ɗan man shanun nan ne ka riƙa taɓawa, ka ɗan ciko, bakin mutane ya mutu."

Ya ce, "Uwar 'yan biyu, bakin mutane bai taɓa toshe jijiyar kowa ba. Bar su, za su gaji."

Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar mai gona ce. Shi da gari ya waye zai fice, ruwa da tumatir ba sa gulma. Ni ce a cikin gari, ni ke shiga gidan suna a yi tsit, ni ke gaisar da mace ta amsa tana gyara mayafi kamar zan shafa mata wani abu. Na ji haushinsa ran nan, haushi sosai. Yana ta sheƙi da lafiyarsa, ni ina biya.

Bayan kwana biyu Yaya ta zo, ta tarar ba ya nan, da ma ta san ba ya nan. Ta zauna a bakin tabarma ta kwance bakin zaninta, ta fito da wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi farare a ƙulle cikin leda. Ba sai ta faɗa ba, kowace mace a garin ta san sha-ka-fashe, ƙwayar ƙibar da ake ba amare kafin biki su ciko.

Ta ce, "Ɗaya a fura, kullum. Ba ta da ɗanɗano. Wata biyu kin ga ya dawo mutum."

Na ce, "Haba Yaya, likita fa ya ce…"

Ta katse ni. "Likita ne zai zauna a garin nan ko ke? Yarinya, ni na goya shi a bayana. Kina ganin zan ba shi abin da zai cuce shi? Amare nawa suka sha, wa ta mutu? Kin bar ɗan'uwana ya zama abin nuni, gidanmu ya zama abin nuni. 'Ya'yanki mata suna tasowa, wa kike tsammani zai zo neman 'ya'yan gidan da aka yi wa wannan shaida?"

Na karɓa don ta tafi. Na jefa a cikin kwalla a ƙarƙashin gado, na ce ba zan taɓa ba. Kwana goma sha ɗaya suna nan.

Rana ta goma sha biyu aka yi suna a gidan liman. Muna zaune mu wajen takwas a ɗaki, aka kawo fura a ƙwarya da ludayi ɗaya, kamar yadda aka saba, ana sha ana miƙawa. Ya zo kaina na sha, na miƙa wa ta kusa da ni. Ta karɓa da yatsa biyu. Ta tashi ta fita tsakar gida, ta ɗebi toka a murhu ta dirje ludayin ciki da baya, ta ɗauraye, ta sake dirjewa. Duk ina kallo ta ƙofa, kowa yana kallo. Ta dawo ta ce wai ƙuda ne ya faɗa. Tir! Ba wadda ta ce mata don me. Na tashi na yafa mayafina, ban yi wa kowa sallama ba.

Ran nan da azahar ya dawo daga gona, laka har gwiwa, ya zauna a gindin darbejiya ya ce a ba shi furarsa. Na shiga ɗaki na jawo kwalla. Na murƙushe ƙwaya ɗaya da bayan cokali, na dama a ciki, na kai masa da hannuna. Ya shanye ya ce, "Allah ya yi miki albarka."

Na ce wa kaina wata ɗaya ne, ya ɗan ciko in daina. Cikin mako guda yunwa ta kama shi irin wadda bai taɓa sani ba. Ya cinye tuwonsa ya leƙa tukunya. Ya ce ko da ɗan ƙanzo. A kasuwa ƙamshin balangu ya fi ƙarfinsa. Na dawo da man shanu, ya ci abinsa. Fuskarsa ta yi zagaye, ƙeya ta fara ninki, teɓa ta dawo har ta fi ta da. Ƙafafunsa suka riƙa kumbura, tafiyar gona ta gagara, aka fito da babur daga zaure aka kaɗe masa ƙura.

Abin da ya fi ci mini rai har yau, kansa yake zargi. Ya zauna ya riƙe cikinsa ya ce, "Ni kam ban san me ya same ni ba, Uwar 'yan biyu. Na kasa riƙe bakina. Ashe ni rago ne." Ina tsaye a kansa da ƙwaryar fura, na ce, "Kai ma dai, Alhaji, ai jiki ne." Ranar komawa asibiti ta zo, ya ce ba za shi ba. "Da wane ido zan kalli bawan Allahn nan? Ya yi wahala a kaina. Bari in sauke tukuna sannan in je." Maganin hawan jininsa ya ƙare, ya ce sai ya je zai karɓo. Ban matsa masa ba, don ni ma ba na son likitan ya gan shi.

Wata ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama biyar. Me ya hana ni dainawa? Daɗi. Masu sayen shinkafa suka dawo. Maƙwabciya ta aiko aron turmi. A gidan biki aka ja ni tsakiya, wadda ta dirje ludayi da toka ita ta ce, "Kai, Alhaji ya murmure, masha Allah, me kike ba shi?" Aka yi shewa, ni ma na yi dariya. Mai kitso ce kawai ta ƙi sakin jiki, wai tana jira ta gani.

Aka sa ranar yashe kafin a sako ruwan rani. Da safe ya ɗauki shebur. Na ce ya bari 'yan ƙwadago su je. Ya ce a'a, daga yau zai sake kama kansa, da yashe zai fara. Ya tafi yana haki. Rana ba ta yi tsaka ba na ji babura a ƙofar gida. Wai ya cika shebur uku, na huɗu ya tsaya, bakinsa ya karkace, ya zauna cikin laka. Da ƙyar mutum biyar suka fito da shi daga kanal.

Likitan nan dai muka tarar. Ya dubi maigida a kan gado, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ba magana. Ya daɗe yana kallon fuskar nan mai zagaye da ƙafafun nan. Ya ja ni gefe ya ce, "Hajiya, wannan ƙibar ba ta yi mini kama da ta abinci kaɗai ba. Akwai wani magani da yake sha wanda ban ba shi ba? Gaya mini, zai taimake ni."

Yaya tana bayana, ina jin numfashinta. Na ce, "Babu, likita."

Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "To." Bai ƙara tambayata ba.

Kwana uku ya yi. Rana ta uku da hantsi, Yaya ta fita alwala, na matsa bakin kunnensa na gaya masa komai, tun daga kwalla har ludayi. Na ce, "Ba kai ne rago ba, Alhaji. Ni ce. A furarka nake sawa." Idonsa ɗaya a buɗe yake, yana kallon silin. Hannunsa na hagu, mai motsin, yana cikin nawa, na ji ya motsa. Ko riƙe ni ya yi, ko ture ni yake son yi, wallahi ban sani ba. Na juya abin nan a raina fiye da sau dubu. Kafin la'asar ya cika.

A zaman makoki ɗakina ya cika maƙil, har da waɗanda suka shekara ba su tako gidan ba. Bayan maza sun dawo daga maƙabarta, Yaya ta shigo ta zauna kusa da ni, idonta jajur, don kuka ta yi da gaske, ba zan ɗauke mata wannan ba. Ta dafa gwiwata ta yi magana yadda kowa zai ji.

"Masu wanka sun faɗa a waje, jiki sumul, ko ƙurji babu. Makara kuwa sai da aka riƙa canjin hannu saboda nauyi. Ko maƙiyi ya ga gawar nan ya san ba cutar zamani ba ce. Alhamdu lillahi. Kin fita kunya, yarinya."

Mata suka ce, "Wallahi kuwa. Allah ya ji ƙansa."

Na jira ɗaki ya rage, na ce mata a hankali, "Yaya, ni da ke muka kashe shi."

Ta zabura ta ce, "Kul! Kada in ƙara ji. Kwana ne ya ƙare, kina so ki yi saɓo?"

Na sani. Na san ajali ba ya jira, ba ya kuma gaggawa, ba sai an karanta mini ba. Amma na san hannun da ya murƙushe ƙwayar, na san cokalin, yana nan a gidana har yau. Na san kuma mutumin da ya gane ciwonsa fiye da kowa, ya yi abin da aka ce, ya warke, ya tafi kabari yana ganin shi ne ya kasa. Yaya ta rasu bayan shekaru tana ganin ta ceci sunan gidansu. Ban taɓa yafe wa garin nan ba, kuma ban isa in fita daga cikinsu in nuna su da yatsa ba.

Na yi takabata wata huɗu da kwana goma. Ranar da na fita, da sassafe, na ji sallama a tsakar gida. Mai kitso ce, ba wanda ya aika mata. Ta zo da tsinkenta da ɗan gwangwanin man kitso, tana washe baki tana cewa, "Haba Hajiya, ai kya aiko. Dubi kan nan yadda ya cukurkuɗe."

Na dube ta na daɗe. Zagi ya cika mini baki har ya kai haƙori. Sai na tuna ai wannan na saya, kuma na biya. Na jawo tabarma na zauna, na cire ɗankwali, na sa kaina tsakanin gwiwoyinta.

Shuku ta yi mini. Kowa ya ce ya yi kyau.